Sautin kunne biyu da ciwon damuwa mai tsanani: tambayar wani ɗan'uwa daga Pantami

Mai kula da zaure

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wani daga cikinmu ya roƙi a ɓoye sunansa domin ya gabatar da matsalarsa, kuma zai riƙa amsawa da sunan Mai tambaya. Ina roƙon duk wanda zai yi magana ya tsaya a kan batun, ya kuma tuna cewa marar lafiya ne yake karantawa.

Mai tambaya

Assalamu alaikum. Ni ma'aikacin gwamnati ne, ina zaune a gidan mahaifina a Pantami, ban yi aure ba tukuna. Tun bayan daminar bara nake fama da wani nauyi a zuciya wanda ban san mafarinsa ba, domin ba a yi mana rasuwa ba, ban rasa aiki ba, ba kuma wanda ya ɓata mini rai. Abinci ya fita daga raina, zaman majalisa da abokai ya zame mini wahala, kuma kusan kullum nakan farka tun tsakar dare in kasa komawa barci, in kwanta ina jin kiran sallar Asuba amma jikina ya ƙi tashi, sannan in wuni ina zargin kaina. Na je wani asibiti, likita ya ce ciwon damuwa ne mai tsanani, ya rubuta mini magani a gurguje saboda yawan mutanen da ke layi. Na sha bai kai mako biyu ba, bakina ya riƙa bushewa, kaina ya riƙa nauyi da safe, ban kuma ga wani sauƙi ba, sai na ajiye shi.

Daga baya na ci karo da wani sauti a YouTube da ake kira bainoral, wanda ake sa iyafis a kunnuwa biyu a saurara, ana cewa yana gyara ƙwaƙwalwa ya kuma kawar da damuwa. Gaskiya idan na sa shi da dare tunanin yakan ɗan lafa, wani lokaci har barci ya ɗauke ni, amma da gari ya waye nauyin yana nan yadda yake. Ina so masana su gaya mini ko wannan sauti yana da tushe ko kuwa ruɗin kaina nake yi, da kuma ko zai iya tsaya mini a madadin magani. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ban san wanda zan gaya wa ba, domin da na ɗan taɓa maganar a gida sai aka ce ƙarancin tawakkali ne.

Malamin Kimiyya, Kumo

Wa alaikumus salam. Allah ya ba ka lafiya, ɗan'uwa. Ni ba likita ba ne, saboda haka zan tsaya a kan tambayarka ta farko, wadda ta shafi abin da nake koyarwa. Sauti kaɗawar iska ce, kuma ana auna shi da yawan kaɗawar da yake yi a daƙiƙa ɗaya. Duk wanda ya taɓa tsayawa tsakanin janareta biyu da ke aiki a lokaci guda ya san yadda ƙararsu kan haɗu ta riƙa hawa tana sauka, kuma hakan na faruwa ne saboda gudun injinan ya ɗan bambanta. A can iska ce ke cakuɗa sautukan kafin su iso kunne. A wannan da kake saurare kuwa, ana ba kunnen dama sauti mai kaɗawa 200 a daƙiƙa, a ba na hagu mai 210, kuma ba sa haɗuwa sai a wani sashe na ƙasan ƙwaƙwalwa wanda aikinsa shi ne kwatanta abin da kunnuwan biyu suka jiyo domin mu gane ta inda sauti ya fito. A nan ne mutum yake jin wani bugu sau 10 a daƙiƙa wanda babu shi a waje. Shi ya sa dole sai da iyafis a kunnuwa biyu. Wanda ya toshe kunne ɗaya kawai ba abin da ake nufi yake ji ba.

Abin ba sabo ba ne. Wani masani Bajamushe, Heinrich Wilhelm Dove, ya bayyana shi tun 1839, sannan Gerald Oster ya sake ta da maganar a mujallar Scientific American a 1973. Jin bugun kam tabbas ne. Inda gizo ke saƙa shi ne iƙirarin da aka ɗora a kansa. Ƙwaƙwalwa tana da kaɗawar lantarki tata: wadda ake kira delta, ƙasa da 4 a daƙiƙa, takan yawaita a barci mai nauyi, alfa kuma, tsakanin 8 da 12, takan bayyana idan mutum ya natsu ya rufe ido. Masu tallata sautin suna cewa idan aka ba ƙwaƙwalwa bugu mai irin wannan sauri za ta bi shi. Wani nazari da aka buga a 2023 ya tattara bincike 14 da suka auna wannan kai tsaye, sai aka tarar 5 ne suka goyi bayan iƙirarin, 8 suka saɓa masa, ɗaya kuma sakamakonsa ya gauraya. Wani nazarin na 2019, wanda ya haɗa bincike 22, ya samu cewa sautin yana ɗan rage fargaba da jin zafin ciwo. Sai dai yawancin irin waɗannan gwaje-gwaje ana yin su ne da mutane kaɗan, masu lafiya ko masu jiran a yi musu tiyata, kuma fargabar sa'a guda kafin shiga ɗakin tiyata dabam take da ciwon da ya kwashe watanni yana cin mutum.

A ganina, natsuwar da kake samu ta gaskiya ce, amma mai yiwuwa babban rabonta ya fito ne daga kwanciya shiru a cikin duhu da samun abin da hankali zai rataya a kai. Ba a ɗauki wannan sauti a matsayin maganin ciwon damuwa mai tsanani ba, kuma bai kamata ka ba shi wannan matsayi ba.

Abu Sumayya, Bolari

Allah ya ƙara sauƙi. Ni dai shawarata ita ce ka goge wannan abu daga wayarka yau ɗin nan. Na karanta a wasu shafukan Larabawa cewa ƙwayar maye ce ta zamani da ake shigar wa matasa ta kunne, kuma ko da ba haka ba ne, ai kiɗa ne aka sauya wa suna. Musulmi yana da Alƙur'ani da azkar na safe da yamma, me zai kai shi neman natsuwa a sautin da bai san wanda ya haɗa shi ba? Da yawa daga cikin abin da ake kira ciwon damuwa a yau nisa ne da ambaton Allah ya jawo shi.

Malamin Kimiyya, Kumo

Malam Abu Sumayya, wannan magana ta ƙwayar maye tana da asali, amma ba yadda ta iso gare ka ba. Akwai wani kamfani mai suna I-Doser da ya riƙa sayar da irin waɗannan sautuka yana sa musu sunayen kayan maye domin jawo kasuwa, abin ya ta da hankalin iyaye a Amurka wajen 2010, daga baya kuma jaridun ƙasashen Larabawa suka ɗauka. Babu wani sinadari da ke shiga jini ta iyafis. Game da kiɗa kuwa, asalin sautin amo ne miƙaƙƙe da na'ura ke fitarwa, ba ganga ba garaya, ko da yake da yawa daga cikin na YouTube ana haɗa su da kiɗan fiyano, wasu kuma da ƙarar ruwan sama. Hukuncin wannan na bar wa malamai. Abin da zan ƙara shi ne a yi hattara da masu rubuta lamba 432 ko 528 a kan sautukansu, wato yawan kaɗawar sautin a daƙiƙa, suna cewa tana warkar da ƙwayoyin halitta. Wannan wata kasuwa ce dabam, kuma ba ta da hujjar kimiyya.

Malam na Herwagana

Bismillahi. Game da sautin, abin da na fahimta daga bayanin Malamin Kimiyya shi ne amo ne wanda ba na kayan kiɗa ba, kuma irin wannan yana cikin al'amuran rayuwa da asalinsu halal ne matuƙar mutum bai ƙudurta cewa yana da wani ɓoyayyen iko na kansa ba. Wanda aka haɗa da kiɗa kuwa ya koma ƙarƙashin saɓanin da aka sani, kuma tunda akwai wanda ba a haɗa ba, mai son kuɓuta ya ɗauki wannan.

Amma ba wannan ne ya sa na yi magana ba. Ɗan'uwana Abu Sumayya, na san kyakkyawar niyyarka, sai dai jimlarka ta ƙarshe nauyi za ta ƙara wa wannan bawan Allah. Annabi Yakubu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari, kamar yadda ya zo a Suratu Yusuf, kuma ba wanda zai ce tawakkalinsa ne ya yi rauni. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, malaman tarihi Shekarar Baƙin Ciki suke kiranta. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya kasance yana neman tsari daga damuwa da baƙin ciki, kuma shi ne ya ce wa bayin Allah su nemi magani. Tun fiye da shekara dubu da ta wuce, malamin nan Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya rarrabe tsakanin baƙin cikin da ke da sanannen dalili, kamar rasuwa ko asara, da wanda ke auko wa mutum ba tare da wani dalili da ya sani ba, ya kuma danganta na biyun da jiki, ya ce yana buƙatar maganin jiki. Ka dubi yadda Mai tambaya ya siffanta nasa, za ka ga a wane kashi ya faɗa. Karatun Alƙur'ani da shan magani ba kishiyoyin juna ba ne, kuma ba mu taɓa ce wa mai hawan jini ya zaɓi ɗaya ba.

Kai kuma ɗana, game da Asuba: marar lafiya yana da uzuri. Idan jiki ya kasa kai ka masallaci, ka yi sallarka a ɗaki a kan lokaci, ko a zaune ne, kada ka bari zargin kai ya hana ka wadda za ka iya.

Nas mai ritaya, Kaltungo

Na gode wa Malam da wannan bayani, domin mu ma a majami'unmu irin maganar da ake faɗa wa masu wannan ciwo ke nan, cewa bangaskiyarsu ce ta yi ƙasa, kuma na ga yadda take sa mutane su rufe bakinsu har abin ya yi nisa. Ɗana, na yi aikin jinya shekaru masu yawa, kuma ba sautin ne ya tsaya mini a rai a saƙonka ba. Abin da ya tsaya mini shi ne saurayi yana cikin gida cike da 'yan'uwa, amma abokin sirrinsa kaɗai shi ne waya. Wannan ciwo babban aikinsa shi ne ya janye mutum daga jama'a, ya riƙa gaya masa cewa shi kaya ne a wuyan mutane, kuma iyafis, komai amfaninsa, yana taya shi wannan aiki idan ya zama dalilin kulle ƙofa tun Magariba.

Tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya gane wannan a Aro da ke Abeokuta, inda ya riƙa saukar da marasa lafiya a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin tare da wani daga danginsu maimakon a kulle su a ɗaki, suna zuwa karɓar magani suna komawa cikin mutane. Ba ina cewa ka tara gida ka yi musu jawabi ba. Mutum ɗaya kake buƙata, wanda zai ji ya riƙe. Ka duba cikin yayyenka, ko ƙanwar mahaifiyarka, ko wani abokin ƙuruciya, ka ce masa likita ya ce ba ka da lafiya kuma kana so ya raka ka asibiti. Mutanenmu suna jin maganar da ta fito daga bakin likita fiye da wadda ta fito daga bakin marar lafiya, don haka rakiyar tana da amfani biyu.

Ga masu karantawa da ke da irin wannan a gidajensu: "ka cire abin a ranka" ba taimako ba ne, domin da zai ciru da ya cire tuntuni. Ku zauna ku ci abinci tare da shi ko da loma kaɗan zai yi, ku fito da shi ya taka da hantsi ko zuwa bakin titi ne, ku kuma daina ƙirga masa ni'imomin da yake ciki kamar bai san da su ba.

Maman Ikram, Tumfure

Mama Nas, na yarda da ke, amma ina so in ɗan kare sautin nan, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na shiga irin wannan hali bayan haihuwata ta biyu, ina kallon jaririyata ina jin kamar ba tawa ba, ina kuka ba dalili, ana ta cewa iska ce ko kuma jego ne bai karɓe ni ba. Wanda bai taɓa farkawa a tsakar dare kowa na barci shi kaɗai da tunaninsa ba, ba zai san darajar abin da zai kai shi ga wayewar gari ba. Ni ƙarar ruwan sama nake sawa, wani lokaci karatun Alƙur'ani a hankali, kuma ban taɓa zaton su ne za su warkar da ni ba. Suna dai riƙe ni ne a sa'o'in da ba wanda zan iya tasa. Idan aka ce wa wannan ɗan'uwa ya goge abin da yake jingina da shi alhali ba a ba shi wani ba, tsoro nake ji ya daina gaya mana gaskiya.

Abin da ya fitar da ni kuwa magani ne da kuma yayar mijina, wadda ta riƙa zuwa kowace safiya ta karɓi yarinya ta ce in yi wanka in fito tsakar gida, ba ta taɓa yi mini wa'azi ba. Maganin ya daɗe kafin in ji aikinsa, har na so in bari, ita ce ta hana. Ƙanena, ka koma wurin likita.

Likita, Gombe

Ɗan'uwa, ba zan iya duba ka ta nan ba, amma abin da ka lissafa, wato farkawa tun kafin Asuba, tsanantar nauyin da safe, rashin cin abinci, daina jin daɗin abin da kake so a da, da zargin kai, su ne alamomin da muke nema, kuma idan suka wuce mako biyu suna hana mutum harkokinsa mukan kira shi ciwo. Ba kai kaɗai ba ne: ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2017 ya nuna kimanin mutum miliyan 7 ne ke fama da shi a Najeriya.

Ka ajiye maganin ne daidai lokacin da wahalarsa ta bayyana amfaninsa kuma bai iso ba. Magungunan wannan ciwo sukan ɗauki mako 2 zuwa 4 kafin a fara jin sauƙi, wani lokaci har 6, alhali illolinsu tun kwanakin farko suke zuwa, yawanci kuma su ragu daga baya. Bushewar baki da nauyin kai da safe an san su da amitiriftilin, wanda aka fi rubutawa a nan saboda araharsa. Idan shi ne aka ba ka, ana iya gyara adadin, ko lokacin sha, ko a sauya maka da wani kamar fulokzetin. Kada ka koma shan ragowar da kanka; ka kai wa likita kwalin ya gani. Idan ka samu sauƙi kuma za ka ci gaba da sha na aƙalla wata shida, sannan a janye shi sannu a hankali. Yana da kyau a auna jininka domin ƙarancin jini da matsalar maƙoƙo kan kawo kasala irin wannan, kuma idan ka taɓa yin kwanaki kana jin ƙarfi fiye da kima, ba ka buƙatar barci, kana kashe kuɗi ba lissafi, ka faɗa, domin wannan yana sauya irin maganin da za a ba ka. Akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe, haka ma a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Maiduguri. Ka tambayi ko akwai mai zaman tattaunawa da marasa lafiya, domin a ciwo mai tsanani haɗa magani da irin wannan zama ya fi kowannensu shi kaɗai.

Sautin ban hana ka ba, ina tare da Maman Ikram a nan. Kada ƙararsa ta wuce kashi 60 cikin 100 na abin da wayar ke iyawa, ka sa masa lokacin da zai kashe kansa kamar bayan rabin sa'a, kada ka saurara kana tuƙi ko kana kan babur, mai farfaɗiya kuma ya fara tambayar likitansa.

Yanzu zan yi maka tambayar da nake yi wa duk mai irin wannan hali, kuma ina so ka amsa da gaskiya, a nan ko ta hannun Mai kula da zaure: shin tunanin mutuwa, ko na cutar da kanka, yana zuwa maka?

Mai tambaya

Na karanta duka, Allah ya saka wa kowa da alheri. Likita, tambayarka ta yi mini nauyi amma zan amsa. Akwai dararen da nake cewa da ma in kwanta kada in farka, in huta kowa ma ya huta da ni. Ban taɓa shirya yin wani abu ba, kuma ina tsoron Allah, amma tunanin yana zuwa, ya ma fi yawa a 'yan makonnin nan. Ban taɓa faɗa wa kowa wannan ba, har likitan da na gani, domin bai tambaye ni ba, ni kuma kunya ta hana ni.

Likita, Gombe

Na gode da ka faɗa, kuma faɗar ba ta rage maka komai ba. Wannan tunani alama ce ta ciwon, yakan kuma ja baya idan ciwon ya samu magani, amma tunda ka ce yana ƙaruwa, maganar ta tashi daga "wata rana zan koma asibiti". Ina so ka gaya wa mutum ɗaya a gidanku yau kafin ka kwanta, da irin kalmomin da ka rubuta mana. Ka miƙa masa ragowar maganin da duk wani abu mai haɗari da ke ɗakinka ya ajiye a wurinsa, kada kuma ka riƙa kwana kai kaɗai a 'yan kwanakin nan. Gobe ku tafi asibiti tare, kuma wannan magana ita ce ta farko da za ka gaya wa likita, kada ka jira ya tambaya. Idan cikin dare tunanin ya tsananta ko ka ji ba ka amince da kanka ba, kada ka sa iyafis ka jira ya wuce. Ka ta da wani, ku nufi sashen gaggawa na asibiti mafi kusa ko da ƙarfe nawa ne. Akwai kuma lambar gaggawa ta ƙasa, 112. Ko bayan ka fara magani, a sa maka ido sosai a makonnin farko, domin ƙarfin jiki kan riga sauƙin zuciya dawowa.

Abu Sumayya, Bolari

Allah gafarta Malam, na ji bayaninka. Har yanzu zuciyata ba ta kwanta da sautin ba, amma wannan ba lokacin jayayya ba ne. Ɗan'uwa, Bolari da Pantami ba nisa, ina da abin hawa, idan ba ka samu mai kai ka ba ka sanar da Mai kula da zaure ya haɗa mu.

Mai kantin magani, Bajoga

Ina so in ƙara abu ɗaya daga abin da nake gani a kanti. Masu irin wannan rashin barci sukan zo neman diyazefam ko taramol ko maganin tari mai kodin ba tare da takardar likita ba, wasu kuma abokai ne ke ba su. Waɗannan su ne masu kama mutum, kuma suna ƙara dulmiyar da mai damuwa. Maganin da Likita ya ambata ba ya sa maye kuma ba ya sa mutum ya riƙa ƙwaɗayinsa, ko da yake yanke shi farat ɗaya yana kawo jiri da rashin sukuni. Idan kuɗi ne matsala ka faɗa wa likita tun a ɗakinsa domin ya zaɓi wanda za ka iya saye duk wata ba yankewa. Sautin kuma ka sauke shi a waya ka kashe data kafin ka kwanta, domin na san yadda neman sauti ɗaya a YouTube kan koma sa'a biyu ana latse-latse.

Mai kula da zaure

An sanar da ni cewa wasu sun fara tura wa mutane saƙon sirri suna tallar sautuka na kuɗi da wani haɗin gargajiya da suka ce yana warkar da damuwa cikin kwana bakwai. Na cire mutum biyu daga zauren, kuma duk wanda aka tura wa irin wannan ya sanar da ni.

Mai tambaya

Na gaya wa Yaya Babba, wadda ke aure a Jekadafari. Ta zo da kanta, ta karɓi maganin, ta sa ƙanena ya dawo ɗakina da kwana, kuma ita za ta raka ni asibiti. Malam Abu Sumayya, na gode ƙwarai da tayin da ka yi. Saura abu biyu suna damuna. Ban san yadda za a sanar da Baba ba, domin shi ne ya yi maganar tawakkali, kuma da ya ji an ambaci likitan ƙwaƙwalwa zai ɗauka an ce ɗansa ya haukace. Sannan ina tsoron labarin ya kai wurin aiki.

Malam na Herwagana

Ɗana, kada kai ka kai wa mahaifinka maganar, kuma kada a fara ta da sunan sashen asibiti. Yayarka ta same shi a lokacin da yake cikin natsuwa, ta fara da abin da shi ma idonsa ya gani, wato ramar da ka yi da rashin barci da rashin cin abinci, ta ce likita ya duba ya ce ciwo ne da ke da magani, sannan ta roƙe shi addu'a. Uba idan aka ba shi nasa aikin a cikin jinya ba ya jin an tsallake shi. Idan akwai limami ko aminin da yake jin maganarsa, a fara fahimtar da wannan, domin dattijo ya fi karɓar gyara daga sa'ansa.

Likita, Gombe

Game da wurin aiki, abin da ka faɗa wa likita sirri ne tsakaninku, kuma Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda Shugaban Ƙasa na wancan lokaci, Buhari, ya sa wa hannu aka sanar a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta yi magana a kan sirrin marar lafiya da hana nuna masa bambanci a wurin aiki. Idan kana buƙatar hutu, ka roƙi likita ya rubuta takardar da za ta nuna ba ka da lafiya da adadin kwanakin da kake buƙata, ku kuma tattauna abin da ya wajaba a ambata a ciki. Sai dai ba kowa ne dogon hutu ke yi wa amfani ba. Wasu fita aiki ko na rabin wuni ne ke hana su komawa cikin ɗaki, saboda haka ku yanke wannan tare da shi bayan ya duba ka.